Fitilar Baba da Ramin Iliyasu

Na ga wasunku sun fara ja wa Iliyasu Allah ya isa tun ba su ji yadda aka yi ba. Ku dakata mana! Ni da abin ya faɗa wa ban tsine masa ba, sai ku? Ku gyara zama in ɗauko muku daga tushe.

Sunana Ummulkhairi, a gida Ummu. 'Yar Kiyako ce ni, ta ƙasar Birnin Kudu, lokacin ma muna cikin Jihar Kano. Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne, kowane saurayi da rediyonsa a kafaɗa, ana ta buɗe firamare a ƙauyuka har malamai suka yi kaɗan, aka ɗebi irinmu muna koyar da 'yan aji ɗaya. Dalilin da na kai shekara sha tara a gida ke nan, abin da ya hana Innata Mero sakat. Kullum sai ta ce, "Sa'o'inki da goyo, ke kina goyon alli."

Babana Badaru mai haƙar rijiya ne da yasa. Daga Surko har Gwaram, in rijiya ta ƙafe ko ta rufta, shi ake aiko wa. Shi ke shiga, ƙanensa Baffa Hambali ke riƙe masa igiya. Abin da yake alfahari da shi ɗaya ne: tunda yake, rami bai taɓa cin mutum a hannunsa ba. Yana da wata 'yar aci-balbal ta gwangwani mai mariƙin waya, tana rataye jikin ƙusa a zaure. Kafin ya sa ƙafa a rami sai ya kunna ta, ya ɗaura a igiya ya zura har ƙasa. In ta ci gaba da ci, iskar ramin lafiya. In ta mutu, ko sarki ne ya aiko ba zai shiga ba. Tun ina rarrafe nake ganin fitilar nan, har na daina ganinta.

Shi kuwa Iliyasu ɗan Gwaram ne, ma'aikaci a wata gonar kiwo ta haɗin gwiwa da ke bayan gari. An tura shi kwas ya dawo da wani abu da ba a taɓa ji ba a ƙasarmu, wai rijiyar gas. Rami ne aka shafe da siminti, aka yi masa rufi kamar kifaffiyar ƙwarya. A dama kashin shanu da ruwa a zuba, ya ruɓe a ciki, iskar da ta taso a ja ta a bututu zuwa murhu. A ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya, ba itace ba hayaƙi.

Ranar da Inna ta ji sana'arsa ta ajiye muciya ta riƙe haɓa.

"Ni Mero! Duk samarin ƙasar nan, da masu tireda da masu mota, sai mai dama kashin shanu?"

"Inna, ma'aikaci ne fa."

"Ma'aikacin me? Ki ce masa in zai zo zance ya riƙa wanka da sabulun salo."

Alhali wallahi babu mai tsabta kamarsa. Farar taguwa, wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, hula zanna a karkace, kekensa kullum a goge. Ni ma ranar zuwansa ba na wasa: atamfata mai ganye-ganye, ɗankwali a turo gaba, kwalli har gefen ido, in ɗiga turare a bayan kunne. Ya zauna a kan dakalin ƙofar gida, ni a gefen tabarma, ya ce "Malama", in ji kamar an ba ni duniya. Ina son yaron nan, jama'a. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina sonsa sosai.

Manya sun shigo, an karɓi gaisuwa. Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa, Baba kuma bai musa mata ba: ba za a sa rana ba sai an tabbatar da shi a aiki an ba shi ɗaki a gonar. Tabbatarwar kuwa tana rataye da abu ɗaya, sai sufeto ya zo daga Kano ya gwada ramin ya ce ya yi. Ka ga ke nan aurena yana cikin rami tare da kashin shanu. Har dariya nake yi wa kaina.

Wata Juma'a da la'asar sai ga shi ya zo yana tura keken, bai hau ba. Tun daga nan na san ba lafiya.

"Malama, ramin bai ci ba."

"Kamar yaya bai ci ba? Ba kai ka ce har shayi kuka dafa ba?"

"Dafa shayi daban, gwaji daban." Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Malam Salihu sufeto ba ya wasa. Ya toshe kowace kafa, ya hura iska a ciki da famfo. Akwai wani siririn tiyo lanƙwasasshe da ruwa a ciki, ya yi wa ruwan alama ya ce a bar shi ya kwana. Da safe muka tarar ruwan ya sauka."

"To sai me?"

"Iska na zurarewa ke nan. Ya bi duk mahaɗar bututu da ruwan sabulu, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya ce to tsagar tana cikin rufin, ta ciki. Sai an kwashe ramin, mutum ya shiga ya sake shafe."

"Sai ka shiga ka shafe mana."

Ya yi wani murmushi mai ciwo. "Ni na iya zane a takarda. Shafe a cikin rami kana kallon sama, wannan sai gwani. Magina kuwa duk wanda na nema sai ya toshe hanci ya ce Allah ya kiyashe shi."

Daga nan ya shiga lissafo min dokokin sufeto, yana yi yana lanƙwasa yatsu. In an kwashe, a ɗage murfin sama a bar ramin a buɗe kwanaki yana shan iska, ana yi masa fifita da zana. Kafin mutum ya shiga a sa kaza a kwando a zura, in ta fito tana ƙifta ido lafiya, to. Mai shiga da igiya a ƙugu, mutum biyu a sama. Haske sai dai tocila ko a haska rana da madubi. Wuta kuwa ko ta taba sigari kada ta kusanci bakin ramin, don iskar da ta rage a ciki ita ce dai wadda ke ci a murhu.

Na ji shi da kunnena. Amma ni a lokacin ba dokar nake saurare ba, ina kallon yadda idonsa ya faɗa ne, ina tunanin Inna za ta ce ai ga irinta nan.

Ashe Baba yana zaure yana gyaran igiya. Da Iliyasu ya tafi ya shigo gida ya zauna a kan turmi. Can ya ce da Inna, "Yaron nan ba za a kunyata shi ina raye ba. Ni zan shafe masa."

"Malam! Da girmanka ka shiga ramin ƙazanta don wani ɗan..."

"Don Ummu," in ji shi. Ya tashi ya ɗauki buta.

Ni da ke ɗaki na cusa fuska a filo ina kuka ina dariya. Baba ba mai yawan magana ba ne, bai taɓa nuna yana son Iliyasu ba sai ran nan.

Aka aika wa Iliyasu ya zo. Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. A lokacinmu saurayi in ya hango uban yarinya canza hanya yake. Iliyasu ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure, kai a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni ina laɓe bayan ƙyaure.

"Na ji abin da ya faru," in ji Baba. "Yaushe za ku gama kwashewa?"

"Laraba, in Allah ya so, Baba. Sai a buɗe a bar shi ya sha iska. Shiga sai Litinin ta sama."

"To."

Iliyasu ya murza yatsunsa. Na san yana kokawa da harshensa ne. Da ƙyar ya ce, "Baba... iskar ramin nan ba ta da kyau. Ba a shiga sai an gwada."

Baffa Hambali ya tuntsire da dariya. "Kai yaro! Badaru za ka koya wa gwada rami?"

Baba ya ɗaga masa hannu. Da taushi ya ce, "Ƙyale shi, gaskiya ya faɗa. Ɗana, kwantar da hankalinka. Ban taɓa shiga rami ban gwada ba."

"Haka ne, Baba. Allah ya ƙara girma."

Shi ke nan. Me zai ƙara? Ya ce da surukinsa, mutumin da ya yi furfura a cikin rami, "Da me kake gwadawa?" Ai ko ni na ji ya faɗi haka sai na ce ba shi da kunya. Ya bar sauran bayanin sai Litinin, in ga rami ga kaza, a yi a aikace ba sai an haɗa ido ba. Ya ja da baya ya fita. Ni kuwa bayan ƙyaure har rawa na taka, wai yau Baba ya ce masa "ɗana".

Ran Alhamis na tashi na yi shara, na ɗora koko, na yi shirin makaranta. Ban ga Baba ba, na ɗauka yana gona. Inna ce tana tankaɗe ta ce, "Ubanki dai ya bi motar 'yan kasuwa tun da asuba, shi da Hambali. Wai Gwaram."

"Gwaram? Ai sai Litinin."

"Haka na ce masa. Ya ce shi ba zai yi aiki surukinsa na tsaye a kansa kamar ɗan kwangila ba, yaron ma kunya za ta hana shi sakewa. Gara ya je ya gama kafin ya ankara." Ta taɓe baki. "Kin ga abin da kika jawo mana, tsoho da shi."

Ban kawo komai a raina ba, wallahi. Har daɗi na ji. Na ɗauki littattafaina na yafa gyale na shiga zaure zan fita. Igiya ba ta nan, cokalin shafe ba ya nan. Na ɗaga kai haka kawai.

Ƙusar nan ba komai a jikinta.

Jama'a, ban san sanda littattafan suka zube ba. Muryar Iliyasu ce ta dawo min tar, yana lanƙwasa ɗan yatsansa na ƙarshe: wuta ko ta taba sigari. Ni kaɗai ce a duniyar nan na san dokar sufeto kuma na san fitilar Baba, amma ban taɓa haɗa su a kaina ba sai da na ga ƙusa.

"Inna! Fitilar! Ya tafi da fitilar!"

"To da me zai tafi? Ke lafiyarki?"

Ban tsaya ba ta amsa ba. Na fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ku da kuke da waya a tafin hannu, ku gode wa Allah. Kalma huɗu ta ishe ni ran nan: Baba, kar ka kunna. Amma babu ta inda zan aika su sai da ƙafata. Na isa bakin titi na tsaya ina ɗaga wa kowace mota hannu. Wata ta wuce cike da buhuna, wata da awaki. Na yi salati na yi salati har bakina ya bushe. Da ƙyar wata akori-kura ta tsaya, na haye baya cikin mata masu tallan daddawa. Direban kuwa kamar da gayya, duk ƙauyen da ya gani sai ya tsaya. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "'Yan mata, rasuwa aka yi?" Na ce mata ban sani ba tukuna.

Tun kafin mu shiga Gwaram na ga mutane na gudu wajen bayan gari. Na dira motar ba ta gama tsayawa ba.

Rufin ramin ya dare biyu, ɓaraguzan siminti har cikin garken shanu, shanun sun tsinke sun watse. Baffa Hambali na zaune a ƙasa, gemunsa ya babbake, yana ta faɗin abu ɗaya: "Gwadawa muka yi. Wallahi gwadawa kawai muka yi." Daga baya ya ba da labari. Sun tarar da ramin a kwashe, murfin sama a rufe ba a kai ga ɗage shi ba, ba kowa sai mai gadi. Suka sa ƙarfe suka ɗage murfin. Baba ya ce warin nan bai yi masa ba, kada kowa ya matso sai ya duba. Ya kori mai gadin baya, ya kori Baffa baya. Ya yi bisimilla ya kunna fitila, ya durƙusa a bakin ramin ya leƙa yana sakin igiya a hankali.

Ban tarar da Baba ba, an riga an sa shi a motar gonar an yi asibitin Birnin Kudu da shi. Wanda na tarar Iliyasu ne. Yana tsaye riƙe da kekensa, ga kaza ja ɗaure a bayan keken, daga kasuwa yake, ya je sayo ta don gwajin Litinin. Bai yi kuka ba. Ya dube ni ya ce, "Malama, na faɗa masa a gwada."

"Na ji ka," na ce. "Ina bayan ƙyaure."

Baba bai mutu ba. Wasu suna cewa an auna arziki, ni ban san me zan ce ba. Hannayensa biyu sun ƙone har gwiwar hannu, fuskarsa a naɗe da bandeji sai hanci da baki. Likita ya kira Baffa gefe ya ce masa idanun dai sai haƙuri. Mutumin da ke hango jijiyar ruwa a ƙasan rami mai gaba ashirin, yanzu ni ke kai masa cokali baki.

Malam Salihu sufeto ya dawo daga Kano ya zagaya wurin, ya tambayi wanda ya bar rami a kwashe ba tare da mai tsaro da ya san doka ba. Iliyasu ya ce shi ne. Aka cike ramin da ƙasa, aka sallame shi. Ba aiki, ba ɗaki. A Gwaram yara na binsa suna "mai bom", a Kiyako kuwa mata in sun zo jaje sai su yi ƙasa da murya in na shigo. Na ji wata na cewa, "Tun ba a ɗaura ba ya ci idon uban, in an ɗaura fa?" Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Da aka sallamo Baba, kullum da yamma sai Iliyasu ya zo ya jingine keke ya tsuguna a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ba ya sallama, ba ya aike. Ya zauna har a kira magariba ya tafi. Ya rame, taguwar nan fara ta koma ruwan ƙasa. Ina hango shi ta kafar zana, ba ni da ikon fita.

Wata rana ina ba Baba kunu a ɗakinsa, Inna na bakin ƙofa tana tsince shinkafa, sai ya kauda kai daga cokalin.

"Mero, kina nan?"

"Ina nan, Malam."

"Ina so ku ji ni ke da Ummu. Kada wanda ya riƙe yaron nan a zuciya. Ya ce min a gwada, na gwada irin yadda ubana ya koya min. Ramin ne ba irin namu ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ya numfasa. "Maganar aure tana nan. Aiki kuwa, mai hannu biyu ba ya rasa abin yi. A ce wa mutanensa su zo a sa rana."

Wani sanyi ya ratsa ni, irin wanda rabona da shi tun ranar ƙusa. Na dubi Inna. Ta ajiye faifan ta tashi, ta yafuto ni da hannu.

Na bi ta ɗakinta. A tsakar ɗaki ga babbar kwallar nan mai fure, an ɗaure ta da tsohon ɗankwali. Ban buɗe ba na san abin da ke ciki: atamfar toshin salla, takalmin, ɗan madubin, kwalbar turaren da ban ƙarasa ba. Duk abin da Iliyasu ya taɓa ba ni ta tattara.

Ban taɓa ganin Inna ta yi magana a hankali haka ba. Da ma faɗa ta yi, da na san yadda zan yi da ita.

"Ummu, ban ce yaron nan mugu ne ba. Na san ba da gangan ya yi ba. Ubanki ya yafe, kuma yafiya ta yi masa sauƙi, don shi ba zai ƙara ganin fuskarsa ba har abada." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ni kuwa ina da ido. Duk ranar da ya shigo gidan nan gaisuwa, shi zan kalla in kalli ubanki. In kin haihu, fuskarsa zan gani a jikin jikana. Ba zan iya ba. In kin zaɓe shi ban tsine miki ba, amma ki sani kin yi sallama da ni."

"Inna..."

"Ɗauki. Yana nan gindin bishiya, na gan shi. Da hannunki za ki miƙa masa."

Ta ɗora min kwallar a ka kamar mai tafiya talla. Ba ta da wani nauyi. Na fito tsakar gida, Inna na biye da ni. Na wuce turmi, na wuce randa, na shiga zaure. Ga ƙusar nan har yanzu ba wanda ya cire ta. Ta bakin ƙofa ina hango ƙafafun Iliyasu da tayar kekensa. Ya ji motsi ya miƙe tsaye yana gyara hula.

Sai muryar Baba ta taso daga ɗaki, da ƙarfinta, har da fara'a a ciki.

"Ummu! Ƙarar keken nan da nake ji kullum, ba ɗana ba ne? Ce masa ya shigo mana, ya zo in ji muryarsa."

Na waiwaya. Inna na tsaye a ƙofar zaure ta ciki, ta dafa bango da hannu biyu ta tare hanya, tana kallona.